Wadda Ta Ɗauki Jarka Ta Isa Ta Ɗauki Ma'auni

Idan rani ya kankama a nan Kilomita Biyar, tsakanin Janairu da Maris, ƙarar jarkoki ce ke tashina kafin ladan ya yi kiran farko. 'Yan mata ne, wata da jarka biyu a hannu, wata da ɗaya a ka, sun nufi famfo don su kama layi kafin ruwan ya ɗauke. Ban taɓa jin uban da ya leƙo ya ce, "Ina za ki cikin wannan duhu?" ba. Ban taɓa jin wan da ya ce bai dace 'yar gidan mutunci ta tsaya tsakiyar 'yan ga-ruwa da masu tura kura ba. Kowa shiru yake yi, domin kowa na jiran ruwan alwala da na shayi.

Ɗaya daga cikin waɗannan yara 'yar wana ce. Bana ta ci jarrabawar bakaloriya a fannin kimiyya, ta ce tana so ta karanta aikin injiniya na gine-gine da hanyoyi a cibiyar fasaha ta Jami'ar Bangui, wadda aka fi sani da IST, daga nan ta ƙware a harkar ruwa. Aka zauna a tsakar gida. Yaya ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Haƙar kwata da cuɗa siminti ba aikin mace ba ne. Ki nemi aikin ungozoma ko koyarwa." Na ce, "Yaya, don Allah wa ya ɗebo ruwan da ka yi alwala da shi yau da asuba?" Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da gardama." Aka tashi a haka. Abin da ladabi ya hana ni ƙarasawa a gabansa shi zan faɗa a nan, domin na san ba a gidanmu kaɗai ake irin wannan zama ba. Ana yin sa a Fagge, ana yin sa a Maraɗi, ana yin sa a zangon Kumasi.

Ga wanda bai san mu ba: Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana bakin kogin Ubangi ne, ana hango garin Zongo na ƙasar Kwango a tsallake. Unguwarmu tana kilomita biyar daga tsakiyar gari, daga nan sunanta ya fito, a takarda kuma PK5 ake rubutawa. Nan ne babbar kasuwar birnin, nan ne Musulmi suka fi yawa: Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da sauransu. Fatauci ya kawo kakanninmu tun zamanin Faransawa. A titi muna yin Sango, a makaranta Faransanci, a cikin gida Hausa.

Mu ba mutanen hamada ba ne. Ruwan saman da ke sauka a Bangui a shekara ya kai wajen milimita 1,500, kusan ninki uku na abin da Maraɗi ke samu. Koginmu kuwa girmansa ya sa an daɗe ana shawarar janyo ruwansa zuwa Tafkin Chadi, har aka tattauna batun a babban taron da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018. Manya suna tunanin kai ruwan Ubangi ƙasashe masu nisa, mu da muke kilomita biyar daga gaɓarsa muna kwana a layin famfo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Me ya jawo haka? Kamfanin ruwa na ƙasa, SODECA, yana zuƙo ruwa daga kogi, ya tace, ya tura shi tankuna, daga nan ya bi bututu zuwa unguwanni. Injinan da ke turawa wuta suke ci, wutar kuma daga madatsun Boali take zuwa, kimanin kilomita 100 daga birni. Gari ya faɗaɗa ya bar bututunsa a baya. Idan ruwa ya ɗauke, bututu ya zama fanko, duk inda ya tsage sai ya zuƙo ruwan kwata, ranar da ruwa ya dawo a sha da dattin. Wanda famfo bai kai gare shi ba rijiya yake haƙawa a tsakar gida. Masana tsabtar muhalli suna so a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Ku zo ku nuna mini gidan da ke da wannan fili a unguwarmu. Idan damina ta sauka magudanai suka toshe, ruwan masai da na rijiya sai su zama abu ɗaya. A watan Agustan 2016 hukuma ta sanar da ɓarkewar amai da gudawa a garuruwan bakin kogi, cutar ta kai har Bangui. A watan Oktoban 2019 Ubangi ya tumbatsa, dubban mutane suka rasa matsuguni. Duk wannan magana ce ta awo da lissafi: faɗin bututu, ƙarfin tura ruwa, gangaren magudana, zurfin rijiya, yawan kulorin da za a zuba. Ilimi ne da ake koyo a aji, ba shi da gemu, ba shi da ɗankwali.

Yanzu mu yi lissafin da Yaya bai yi ba. Gidanmu mutum 12 ne. A ce kowa lita 20 zai ɓata a rana, sha da girki da wanka da wanki da alwala, kuma wannan tsumulmula ce. Lita 240 ke nan, jarka 12. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Kilo 240 a kullum, kusan buhun siminti biyar. Idan babu kuɗin ɗan ga-ruwa, wuyan wa wannan kaya ke hawa? Yarinyar da aka ce ba ta da ƙarfin aikin gini ta shekara goma tana dakon abin da lebura zai nemi lada a kansa. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna ɓatar da awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. A 2019 kuma Bankin Duniya ya bincika kamfanonin ruwa a ƙasashe 28, ya tarar mata ba su kai ɗaya cikin biyar na ma'aikatansu ba. Inda wahala take kyauta, aikin ruwa na mata ne. Inda albashi yake da ofis da fansho, sai a tuna cewa mace rauni gare ta.

An ce aikin na ƙarfi ne. Wanda ya faɗi haka bai bambance injiniya da lebura ba. Injiniya ita ce mai zana taswira, mai auna ƙasa, mai lissafa rodin da kwalbati zai ci da kaurin kankarensa, mai ɗiban ruwa ta kai ɗakin gwaji, mai cewa ɗan kwangila ya fasa abin da ya gina idan ya yi ha'inci a siminti. Makamanta alƙalami da ma'auni da kwamfuta. Ko a ce ma aikin hannu ne, mene ne wahalar kwance famfon tuƙa-tuƙa a canza masa roba ga matar da ke daka da surfe? Mun sha ganin famfon burtsatse ya yi wata uku a mace saboda ƙaramin abu, ana jiran mai gyara daga wata unguwa, alhali matan da ke tsaye a kansa kullum sun ji sautinsa ya canza tun kafin ya tsaya.

An ce za ta cakuɗa da maza. To, a layin famfo da wa take cakuɗa? Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san irin ture-ture da baƙar maganar da ake yi, ya san abin da samari ke faɗa wa yarinya a lungu da duhun asuba. Kasuwar Kilomita Biyar cike take da 'yan talla, ba wanda ya kira taron dangi a kansu. Me ya sa kunyarmu ba ta motsawa sai an ce yarinya za ta fita da ƙarfe takwas na safe, da hijabinta, da hular kwano a sama, a kira ta Madam Injiniya? Ina tsoron abin da ke damun wasunmu ba cakuɗa ba ne. Ganin mace tana ba namiji umarni ne ba sa so, sai su lulluɓe shi da rigar addini.

Tun da an kawo addini, mu je can. Duk alhajin da ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sawun Nana Hajara yake bi, mace mai neman ruwa. Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, da ta ga ƙishin da alhazai ke sha, ta sa aka janyo ruwa daga duwatsu zuwa Arfa da Makka ta magudanar da har yau ake kira Ainu Zubaida. Hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, mai rijiyoyi da tafkunan tara ruwa a zango-zango, sunanta take ɗauke da shi. Yau fiye da shekara 1,200 ke nan. Ban taɓa jin malamin da ya ce ta yi shisshigi ba, addu'a ake yi mata. A ƙasar Hausa ma, tsofaffin ganuwowin garuruwa da sunan wa ake kiran su? Ganuwar Amina. Malamanmu kuma kullum suna faɗa mana falalar shayar da ruwa, suna ba mu labarin rijiyar da Sayyadina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Idan mai kuɗi ya haƙa burtsatse muna cewa sadaka mai gudana. Wadda za ta auna inda za a haƙa, ta tabbatar ruwan ba zai kashe yara ba, ita ba ta da rabo a ladan?

Akwai wata hujjar da ta fi waɗannan nauyi a wurina, kuma mutanen Kilomita Biyar sun fi kowa saninta. A watan Maris na 2013 'yan Seleka suka ƙwace Bangui. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan anti-balaka suka afka wa birnin, aka shiga kashe-kashen da ba na son tunawa. Dubban Musulmi suka tsere zuwa Chadi da Kamaru. Mu da muka rage muka zama kamar fursunoni a unguwarmu: fita kasada ce, shigowa ma kasada ce. Lokacin da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, duniya ta ɗauki abin babban labari, don kawai ya tako inda mutane ke tsoron takowa. A waɗannan shekaru na ga bututu ya fashe a layinmu, ruwa ya yi kwanaki yana malala a titi muna kallo. Muna da 'yan kasuwa, muna da direbobi, muna da mahauta da teloli. Wanda ya san inda makunnin babban bututu yake, ya iya rufe shi, ya ɗaure tsagar, shi ne muka nema muka rasa. Mazan da dama sun gudu, ko sun mutu, ko ba su isa su leƙa bakin titi ba. Mata ne suka rage da yara da tsofaffi da jarkoki. Allah kada ya maimaita mana. Amma al'ummar da ta ga wannan rana, sannan ta ce rabin 'ya'yanta kada su koyi sarrafa ruwa, ba ta ɗauki darasi ba. Wanda ya dogara da rijiyar wani, ranar faɗa da ƙishi zai kwana.

Ba zan yi wa Yaya rashin adalci ba. Akwai tsoronsa da ke da tushe. Wurin gini ba aljanna ba ne. Akwai shugaban aiki mai neman mace kafin ya sa hannu a takardarta. Akwai filin aikin da ba a tanadi ko makewayi na mata ba. Akwai matasa masu digiri da ke zaune ba aiki. Kuma ɗan Kilomita Biyar mai suna irin namu ya san tambayoyin da ake yi masa kafin ya sami takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Duk gaskiya ne. Sai dai maganin kowannensu shi ne mu yawaita a wurin. Mace ɗaya tilo a cikin maza 50 abin tausayi ce. Idan suka zama goma, ɗaya kuma ita ce shugaba, mai mugun nufi zai shiga taitayinsa. Ofishin da ba mu da kowa a ciki ba zai taɓa tuna layinmu ba ranar da ake zana inda sabon bututu zai bi. Batun rashin aiki kuwa, ƙasar da hanyoyinta da gadojinta da magudananta ke jiran gini ba za ta ƙoshi da masu wannan ilimi nan kusa ba. Ko gwamnati ba ta ɗauka ba, akwai kamfanonin haƙar burtsatse da ƙungiyoyin agaji, akwai kuma mai gida da ke son a ja masa famfo.

Hukuma da ƙungiyoyin ma ina da magana da su. Tun bayan rikici an yi ayyuka da dama na yashe magudanai da gyaran tituna, irin waɗanda ake ɗaukar 'yan unguwa a biya su ladan yini. Shirin Londo da Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa yana cikinsu, haka ayyukan da asusun Bêkou na Tarayyar Turai ya tallafa. Mata sun shiga, sun sami na cefane, mun gode. Amma tsarin da ya tsaya a ba mace shebur da baro na 'yan makonni, a ɗauki hotonta da riga mai ƙyalli, bai mayar da ita ma'aikaciya ba. Haka kwamitin famfo: a naɗa mace ma'aji saboda an ce mata ba sa cin amana, amma horon gyara a ba maza. Ta riƙe kuɗi, shi ya riƙe sifana. Ranar da shirin ya ƙare, shi yana da sana'a, ita tana da hoto. Duk kwangilar ruwa ko hanya da za a bayar a unguwarmu, a rubuta a ciki cewa za a koyar da 'yan mata awo da haɗa bututu da karanta taswira, a ba su takardar shaida. A ware musu gurbin karatu a IST da makarantar fasaha ta Bangui. A tura masu ƙoƙari 2iE da ke Wagadugu, makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli wadda ƙasarmu na cikin ƙasashen da suka kafa tushenta. Ƙasar da ta naɗa Elisabeth Domitien firaminista a 1975, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a Afirka, ƙasar da ta miƙa wa Catherine Samba-Panza ragama daga 2014 zuwa 2016 lokacin da wuta ke ci, ba za ta ce ba ta san mace na iya riƙe babban aiki ba. A Najeriya mata injiniyoyi sun kafa ƙungiyarsu, APWEN, tun 1982, kuma a 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyin ƙasar baki ɗaya. Ina 'ya'yan Hausawa a wannan sahu?

Mu mata ma ba mu kuɓuta ba. Sau nawa uwa ce ke cewa, "Bari ɗan'uwanki ya yi karatu, ke je ki ɗebo ruwa"? Yarinyar da ta tashi ƙarfe huɗu, ta dawo ƙarfe bakwai da wuya a sage, ta isa aji a makare, ita ce za a ce ba ta da kan lissafi. Mu ne masu cewa wa zai auri mai yawo cikin taɓo da takalmin roba. Mu ne masu tara kuɗin adashi shekara uku don kayan ɗaki, amma kuɗin rajistar jami'a ya gagare mu. Gadon da aka saya zai karye, kwanukan za su yi tsatsa. Na ga matan da rikici ya mayar zawarawa dare ɗaya, suka tashi da 'ya'ya shida ba sana'a. A cikinsu wadda ta tsaya da ƙafarta ita ce mai wani abu a kai ko a hannu.

Ban ce kowace yarinya sai ta zama injiniya ba. Ungozoma aiki ne mai daraja, koyarwa ma haka, muna kuma buƙatarsu. Abin da na ƙi shi ne a zaɓa wa yarinya don an raina ta. Ungozoma tana karɓar haihuwa, amma jaririn da ta karɓa ruwan rijiyar nan za a ba shi idan an yaye shi. Likita yana warkar da wanda ya kamu da taifot, mai gyara ruwan unguwa kuwa tana hana ɗaruruwa kamuwa, ba tare da sun san sunanta ba.

'Yar wan nawa ta same ni a ɗaki bayan an watse. Ta ce, "Gwaggo, ni fa ba don in yi gardama da Baba ba ne. Kwalbatin bakin layinmu nake kallo tun ina firamare. Bakinsa ya yi ƙanƙanta, kuma an ɗora shi sama da ƙasan kwatar, shi ya sa ruwa ke komowa gidaje." Shekara ashirin ina tsallake wannan kwalbati, ina tsine wa damina. Dattawan layin sun yi taro a kansa ba sau ɗaya ba, an yi karo-karo an yashe, ruwa ya sake shigowa. Ba wanda ya tsuguna ya duba tsayinsa sai yarinyar da aka ce ta nemi wani aikin.

Yaya, na san za a karanta maka wannan, kuma na san za ka ce ƙanwarka ta kai ka kasuwa. Ka yi haƙuri. Kai ka biya mata kuɗin makaranta shekara 13, har a lokacin da shagonka ke rufe, ba wanda ya isa ya ce ba ka son 'yarka. Abin da nake roƙo ka ƙarasa ladanka. Kwasar adashina ta wannan zagaye na ajiye ta don rajista, Inna ma ta ce za ta yi maka magana da kanta. Kafin nan, gobe da asuba idan ka ji ƙarar jarka, ka leƙo ka ga wadda ke fita.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya.